Daga Fijo 504 Zuwa Camry: Kuɗin Sayen Mota Daban, Kuɗin Riƙonta Daban



Da zarar an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, riɗi da gyaɗa kuma sun tafi kasuwar Sara, akwai wata magana da takan taso a gidajen masu bi da wurin zaman dattawan ikilisiya a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wato maganar sayen mota. Malamin makarantar da ya karɓi kuɗin sallama yana so ya huta da hawan babur. Ma'aikacin asibitin da iyalinsa suka yi yawa ya gaji da goyon mutum huɗu zuwa sujada. Ikilisiyar da ta yi baikon godiya mai auki takan fara cewa lokaci ya yi da za a saya wa fasto abin hawa mai rufi. A mafi yawan lokuta sunan da ake fara ambatawa shi ne Toyota Camry, kamar yadda a zamanin iyayenmu ba a san wata motar iyali ba in ba Peugeot 504 ba, wadda kowa ke kira Fijo.

Abin da nake so mu duba tare shi ne abin da ya canja tsakanin motocin nan biyu, domin ba suna kaɗai ya canja ba. Fijo mota ce da aka haɗa a Kaduna, aka saya da naira mai daraja, aka sha mata mai da 'yan kwabbai. Camry kuwa tsohuwar mota ce da aka gama mora a Amurka, wadda dala ke yanka wa farashi, kuma tun daga 2023 man da take sha ba shi da tallafin gwamnati. Saboda haka duk iyali ko ikilisiyar da za ta saye ta, kamata ya yi ta fara lissafin riƙonta kafin ta yi maganar ciniki.

YADDA FIJO TA ZAMA MOTAR KOWA

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Amma a Afirka ne ta yi suna na gaske, musamman bayan ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A farkon lamarin, ta jirgin sama ake kawo sassan motar daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin sama na Kano, daga nan a kai su Kaduna a haɗa. A shekarun nan ne kuma aka kafa Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano.

Abubuwa uku suka taru suka ɗaukaka Fijo. Na farko shi ne gwamnati. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ma'aikata sun samu sukuni, ga kuma rancen sayen mota da ake cira a albashi sannu a hankali. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mulkin soja kuma ta mai da 504 motar manyan jami'anta, don rage almubazzaranci. Na biyu shi ne darajar kuɗi, domin a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya nauyi, litar fetur kuma ba ta kai kwabo 20 ba. Na uku shi ne ƙirar motar kanta. Tana da tashi daga ƙasa, ƙafafunta suna jure gargada, tayoyin baya ne ke tura ta, injinta mai lita 2 kuma kafireto ke ba shi mai, ba shi da wata na'urar kwamfuta. Duk bakaniken da ya iya riƙe sifana zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar kafin faɗuwar rana.

Dalilin da ya sa ke nan ta zama motar hakimi, motar shugaban makaranta, motar asibiti, motar bishop. Mai dogon baya ta zama motar haya tsakanin Kano da Birnin Kudu da Bauci da Maiduguri, a-kori-kurarta kuma ta ɗauki hatsi daga ƙauyuka. An daina ƙera ta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006.

ABIN DA YA KARYA TA

Ba wata motar ce ta kayar da Fijo ba, faɗuwar naira ce. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, dala ɗaya ta tashi zuwa wajen naira 4 cikin 'yan watanni. Zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a tsakiyar shekarun 1990 kuwa ta haura naira 80 a hannun 'yan canji. Da yake injin motar da manyan sassanta daga waje ake sayo su, sai sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci.

A nan ne ƙofar tsofaffin motoci ta buɗe, waɗanda mutanen kudu ke kira tokumbo, mu kuma muke kira 'yan Kwatano. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, wasu a bi da su ta Gaya da Maraɗi da Damagaram a ƙasar Nijar, su shigo ta Jibiya ko ta Maigatari a nan jiharmu. Da farko daga Turai suke zuwa, daga baya na Amurka suka rinjaya. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, motar da ke da sitiyari a hagu ce halattacciya a hanyoyinmu, shi ya sa Toyota ta Jafan da muke hawa ta Amurka take biyowa, inda kamfanin ke ƙera Camry a jihar Kentaki tun 1988.

Masana'antar Kaduna ta yi ta fama. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2006, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe ta saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin guiwar Peugeot da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne, ya fara haɗa motoci a wata sabuwar masana'anta a Kaduna. Abin farin ciki ne, amma sabuwar mota ta kowane kamfani ta yi wa aljihun malamin firamare da baitulmalin ikilisiyar ƙauye nisa ƙwarai. Tsohuwa ce dai rabonmu.

MENE NE A JIKIN CAMRY?

Ya kamata a faɗi gaskiya, ba a banza mutane ke son Camry ba. Ta daɗe tana kan gaba wajen ciniki a cikin ƙananan motocin fasinja a Amurka, wannan ya sa tsofaffinta da kayan gyaranta suka yawaita a duniya. Iri uku aka fi gani a hanyoyinmu. Akwai ta 1997 zuwa 2001, mai siririyar fitilar baya, wadda dillalai ke kira Pencil, injinta lita 2.2 ne. Akwai ta 2002 zuwa 2006, wadda suke kira Big Daddy. Sai ta 2007 zuwa 2011, mai suna Muscle. Biyun ƙarshe injin lita 2.4 aka fi samun su da shi, mai silinda huɗu, ko da yake akwai masu silinda shida.

In aka jera ta da 504, Camry ta fi ta a wurare da dama. Injin Muscle mai lita 2.4 yana da ƙarfin doki 158, na Fijo kuwa bai kai 100 ba, amma duk da haka Camry ba ta kai ta shan mai ba, domin kwamfuta ce ke auna mata mai ta hanyar injekta. Tana ɗaukar mutum biyar a sake, tana da but mai faɗi, da na'urar sanyaya ciki, da jakar iska mai kare direba da na kusa da shi lokacin karo. Ta 2007 zuwa sama tana da birki mai hana taya kullewa. Waɗannan abubuwa ne da kan ceci rai, kuma Fijo ba ta da su. Wanda ke ɗokin zamanin da, har yana neman tsohuwar 504 don iyalinsa, ya sani cewa kayanta na asali sun yi wuya, tana shan mai, kuma ba ta da kariya in an yi haɗari.

Amma Camry tana da nata rauni. An ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Tashin Muscle daga ƙasa kimanin santimita 13 ne kawai, tayoyin gaba ne kuma ke jan ta, saboda haka yashi da kwazazzabo abokan gabanta ne. Yawancin waɗanda ake kawowa giyarsu mai canja kanta ce, wadda in ta lalace gyaranta sai ƙwararre, sau da yawa ma sai an sayi wata ɗungurungum. Injin lita 2.4 na shekarun 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai, har kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita garantin gyaransa a Amurka. Wancan garantin bai biyo motar zuwa Gwaram ba. Bugu da ƙari, in fitilar gargaɗi ta kama, sai an jona mata na'urar bincike kafin a san ciwonta, bakaniken da ke da irin wannan na'ura kuwa a Dutse ko Kano aka fi samunsa.

Abokiyar takararta, Honda Accord, wadda samarin Arewa ke so saboda gudu da kyan gani, ita ma haka take a ƙasa, an kuma san ta da matsalar ƙafar gaba a hanya mai ramuka.

DALA CE KE YANKA FARASHI

Mutane kan yi mamaki yadda motar da ta ƙara tsufa take ƙara tsada. Amsar tana cikin canjin kuɗi. Mu ɗauki misalin motar da kuɗin sayenta da na jirgin ruwa suka kama dala 4,000. A 2019, lokacin da dala take wajen naira 360, kuɗin ya kama naira miliyan 1 da dubu 440. A watan Mayu na 2023, a farashin gwamnati na wajen naira 460, ya kama miliyan 1 da dubu 840. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sai motar nan ɗaya ta koma naira miliyan 6. Ba a sa kuɗin kwastan ba, ba a sa na tashar jirgi ba, ba a sa kuɗin kawo ta Arewa da ribar mai mota da la'adar dillali ba.

Kuɗin kwastan ma da dala ake lissafa shi, don haka ya bi sahu. A 2022 hukumar ta fara kimanta mota ta hanyar lambar jikinta, abin da ya rage damar yin ciniki a kan darajarta. Hanyar Kwatano kuma ta toshe sannu a hankali. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Shugaba Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin har zuwa Disamba 2020. Juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya sake rufe Maigatari da Jibiya na tsawon watanni.

Sakamakon haka kashi biyu ne. Na ɗaya, masu shigo da motoci sun ƙara karkata ga waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye a Amurka, domin su ne masu araha a wurin gwanjo, a kawo su a buga, a yi fenti, a jera. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Jafan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo, da yawansu ba su cika sharuɗɗan lafiya ba. Na biyu, mai ƙaramin ƙarfi ya koma sayen wadda aka riga aka mora a nan gida, ta hannu na uku ko na huɗu. Ita ce mai sauƙin kuɗi ranar ciniki, ita ce kuma mai yawan zuwa gareji. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

LISSAFIN MAI DA GYARA

To, mu ce an saya. Yanzu ne biya ya fara. Tankin Big Daddy da na Muscle lita 70 yake ci. A 2016, da lita take naira 145, cika shi naira 10,150 ne. A farkon 2023, a farashin gwamnati na wajen naira 195, naira 13,650 ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, a watan Yuli ta kai 617, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a garuruwan Arewa. A kan naira 1,000, cika tanki sau ɗaya naira 70,000 ne, daidai da mafi ƙarancin albashin wata da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Farashin kan sauka ya kuma hau tun da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, amma kasuwa ce ke juya shi, ba a kuma sa ran zai koma inda ya fito.

Camry mai silinda huɗu da ta tsufa, a irin hanyoyinmu, a ƙaddara mata lita 10 a kowace kilomita 100. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne, zuwa da dawowa 260, wato lita 26. Da lissafin naira 1,000, tafiya ɗaya ta ci naira 26,000. Faston da ke zagaya ikilisiyoyin ƙauye, yana zuwa taro a Dutse, yana kai marasa lafiya asibiti, ba wuya ya yi kilomita 1,000 a wata. Lita 100 ke nan, naira 100,000 a wata, miliyan 1 da dubu 200 a shekara, kuɗin mai kawai.

A kan wannan sai a ɗora juyen baƙin mai bayan kowace kilomita 5,000 ko kusa da haka, da tayoyi huɗu, da batir, da birki, da shokazoba da sauran kayan ƙafa waɗanda gargada ke cinyewa. Duk kayan nan daga waje suke zuwa, farashinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa dala yake bi. Akwai sabunta takardu kowace shekara, akwai inshorar dole, wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairu 2023. Duk wanda ya tara waɗannan zai ga cewa cikin 'yan shekaru kuɗin riƙon mota kan kamo kuɗin sayenta.

Wasu sun sa rai ga iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023. Gaskiya ne ta fi fetur sauƙi. Sai dai juya injin yana da nasa kuɗi, tukunyar tana cinye wuri a but, gidajen sayar da ita kuma a manyan birane aka fara kafa su. Kafin mutumin Gwaram ya juya motarsa, ya fara tabbatar da inda zai riƙa sha ba tare da ya ƙone ribar a hanya ba.

HANYOYINMU

Mota ba a kan takarda take tafiya ba. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, da wadda ta nufi Ningi daga Babaldu, Camry za ta bi su ba wahala. Amma ikilisiyoyinmu da yawa ba a bakin kwalta suke ba. Suna cikin ƙauyukan da sai an bi burji ko turbar amalanke, yashi da rani, taɓo da damina. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa, dutse ɗaya ya isa ya fasa mata tukunyar baƙin mai. In ta shiga ruwa mai zurfi, injin kan zuƙi ruwan ya lalace nan take, wayoyinta da kwamfutarta su biyo baya.

Ƙasar Gwaram ta san ɓarnar ruwa. A watan Agusta na 2021 ambaliya ta karya gada a ƙauyen Radabi a hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Wannan ya isa ya tuna mana cewa da damina babu motar da ta fi ƙarfin hanya, tafiyar dare da ta asuba kuma sai da lalura.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. Agogon gudun motar Amurka da mil yake ƙirga manyan lambobinsa. Direban da ya ga allura a kan 70 ya ɗauka a hankali yake tafiya, alhali yana gudun kilomita 112 ne a awa ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga motar gida kilomita 80 ce a babbar hanya, 100 a hanya mai tagwaye. Da yake Camry ba ta ƙara ba ta jijjiga kamar Fijo, gudu kan saci mutum bai sani ba.

SHIN A HAƘURA KE NAN?

Ba haka nake nufi ba. Masu cewa ikilisiya tana bukatar mota suna da hujja mai ƙarfi. Macen da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare a ƙauye ba za a ɗora ta a babur zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu ba. Wannan bukatar ce ta sa gwamnatin Jigawa ta kawo shirin Haihuwa Lafiya a zamanin Gwamna Sule Lamido, aka ba wasu ƙauyuka motocin kai mata asibiti. Akwai tsofaffi da ba sa iya hawa babur, akwai jana'iza, akwai taron Zumuntar Mata da na matasa a nesa. Littafi Mai Tsarki kuma ya ɗora wa ikilisiya nauyin kula da masu yi mata hidima. Faston da ya yi shekara 20 yana shan rana da ƙura ya cancanci a sauƙaƙa masa.

Sai dai kyautar mota ba tare da kuɗin riƙonta ba kaya ne aka ɗora wa bawan Allah. Ba baƙon abu ba ne a yi gidauniya, a yi addu'ar keɓewa, a miƙa makulli da guɗa, bayan shekara ɗaya kuma a ga motar a kan duwatsu bayan majami'a, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kafin ta kai ga haka, sau da yawa faston ya riga ya taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa don ya kare mutuncin ikilisiya, ko kuma an fara gunaguni a kan inda baiko ke tafiya. A cikin Luka 14:28-30 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini da ya kamata ya zauna ya ƙirga abin da aikin zai ci kafin ya sa harsashi. Maganar almajiranci yake yi, amma hikimar ta shafi baitulmalin ikilisiya.

SHAWARA GA DATTAWA DA MAGIDANTA

Na farko, a rubuta lissafin shekara ɗaya a takarda, mai da juye da taya da takardu da ajiyar gyaran ba-zata, a karanta wa jama'a kafin a fara tara kuɗin saye. In baikon wata uku ba zai iya ɗaukar wannan ba tare da an taɓa albashin ma'aikata ba, lokaci bai yi ba tukuna. Magidanci ma ya yi haka da albashinsa ko amfanin gonarsa, tare da matarsa, domin ita ce za ta fara ganin gibin a tukunya. Kada a sayar da gona ko shanun noma don a sayi abin da kullum ci yake yi, kada kuma a ci bashi mai ruwa dominsa.

Na biyu, a duba ko ikilisiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya za su haɗu a kan mota guda, da direba ɗaya amintacce, da littafin rubuta tafiye-tafiye, da asusun da kowace ikilisiya ke zubawa duk wata. Zirga-zirgar yau da kullum kuwa babur ya isa, domin Boxer kan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, inda Camry ke yin 10. Inda haɗakar ba ta yiwu ba, a ware asusun gaggawa, a yi magana da direban Golf ko Sharon na gari wanda za a iya tasa da dare. Motar nan kuma, in an samu, kada a tambayi addinin mara lafiya kafin a ɗauke shi. Maƙwabtanmu Musulmi sun sha kai namu asibiti.

Na uku, in an yanke shawarar saye, a zaɓi mai silinda huɗu. A tafi da bakanike na kanku, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin yana sanyi, a duba hayaƙi mai shuɗi, a jona na'urar bincike. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi tsatsa ko busasshen laka, alamar ta sha ambaliya. A tabbata fitilar jakar iska tana kamawa in an murɗa makulli, ta kuma mutu bayan an tayar. A tuna cewa mil 150,000 a agogo kilomita 240,000 ne, kuma ana iya mai da agogo baya. A duba lambobi huɗu na jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira, domin tsohuwar taya ba ta jure zafin kwaltar watan Afrilu. A tantance takardun kwastan da lambar jikin mota kafin a biya ko kwabo, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. Motar ikilisiya kuma a yi mata rajista da sunan ikilisiya, don kada gardama ta tashi ranar da aka yi wa fasto canjin wurin aiki.

Iyayenmu sun hau Fijo a lokacin da ƙasa ke haɗa motarta, kuɗinta ke da nauyi, manta ke da araha. Mu kuwa muna sayen abin da wasu suka gama da shi, da kuɗin da ya yi rauni. Gyaran wannan yana wuyan shugabanni, kuma hakkinmu ne mu tambaye su inda aka kwana a kan masana'antu da hanyoyin karkara duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a. Amma abin da ke hannunmu shi ne amanar kuɗin iyali da na baiko, wanda gwauruwa da ɗan ƙwadago suka sa hannu a ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ƙirga ya ga zai iya, ya saya da godiya, ya tuƙa a hankali. Wanda ya ƙirga ya ga da saura, ya riƙe baburinsa ba tare da jin kunya ba.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.